KO KUN SAN ANA KARATUN ROBA A JAMI'A?

A wannan makon mun kawo muku bayani kan wani fannin karatu da ba kasafai muke jin sunansa ba. Idan aka tambaye mu abin da muke son zama, sai mu ce likita ko soja ko malami. To, akwai kuma injiniyan da aikinsa shi ne sanin abin da ake ƙera kaya da shi, kamar ƙarfe da gilashi da siminti da roba. Wani reshe na wannan karatu shi ake kira ilimin folima.

Mene ne folima?

Ku dubi carbi. Ƙananan duwatsu ne iri ɗaya aka jera a zare har suka yi tsawo. Haka folima take: ƙananan ƙwayoyin sinadari ne dubbai suke haɗuwa su zama doguwar sarƙa wadda ido ba ya gani. Akwai ta halitta, kamar zaren auduga da sitacin rogo da ƙaro. Akwai kuma wadda ɗan Adam yake haɗawa daga man fetur da iskar gas, kamar leda da robar buta. Irin robar da ake yin leda da ita, a Ingila aka gano ta a shekarar 1933.

Ina ruwanmu da ita?

Ruwanmu ne sosai. Bututun da iyayenmu suke jan ruwa da shi a noman rani kusa da madatsar ruwa ta Watari folima ce. Buhun taki ma haka. Ku tuna da buhun PICS na ajiye wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhu na uku a waje. Idan aka ɗaure su da kyau iska ba ta shiga, sai ƙwarin da ke ciki su mutu ba tare da an zuba magani ba. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka.

Amma roba tana da nata sharrin. Leda ba ta ruɓewa da wuri kamar ganye. Tana toshe hanyar ruwa, tana ɓata ƙasar gona, kuma akuya kan ci ta ta rame har ta mutu. Masu wannan karatu su ne suke neman yadda za a narka tsohuwar roba a sake amfani da ita, da yadda za a yi leda mai ruɓewa daga sitaci.

A ina ake karantawa?

Ba sai an je ƙasar waje ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyancin folima da saƙa. Digirin injiniya shekara 5 ne. Wanda ya gama zai iya aiki a masana'antun roba irin na Sharaɗa da Bompai a Kano, ko ya kafa nasa.

Me ya kamata mu yi tun yanzu?

A jarrabawar JAMB, mai neman injiniyanci Turanci da lissafi da fizis da kemistiri yake rubutawa. Ke nan sai wanda ya shiga ajin kimiyya a SS1. Wanda ya guje wa lissafi tun a JSS ya rufe wa kansa ƙofar tun bai san da ita ba. Don haka, maza da mata, mu riƙe lissafi da kimiyya da kyau, abin da ba mu gane ba mu tambayi malamanmu. Muna kuma roƙon malamai su yi mana ƙarin bayani a taron safe kafin lokacin zaɓen aji ya zo.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta