Barbarar dabino: aikin da ba a bar wa iska ba

Da yawa daga cikinmu sai azumi ya zo muke tunawa da dabino, amma a Bilma, Dirku, Fashi da Ingal aikinsa tun cikin sanyin hunturu yake farawa, wajen watannin Janairu zuwa Maris, lokacin da itatuwan ke fitar da huda.

Dabino dai ba kamar mangwaro ba ne, wanda ƙudaje da zuma ke ɗaukar masa garin fure. Shi akwai namiji akwai mace, kowanne da gindinsa. Namijin ba ya haihuwa, gari kawai yake bayarwa, macen kuwa in garin bai same ta ba sai ta yi ƴaƴa ƙanana marasa ƙwallo, waɗanda ba sa nuna yadda ya kamata. A daji iska ce ke wannan aiki, sai dai iska ba ta da tabbas. Shi ya sa manomi ke yanko hudar namiji, ya hau macen duk da ƙayoyinta, ya cusa ƴan silla cikin hudarta ya ɗaure. Kwanaki kaɗan gare shi bayan kwanson ya tsage. In ya makara, wannan nonon ya tafi sai baɗi. Kuma da yake huda ba rana ɗaya take buɗewa ba, itace guda sai a hau shi sau uku ko fiye. Ta wannan hanya namiji ɗaya na isar mata kamar 50. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin ko a zamanin Manzon Allah (SAW) mutanen Madina suna yin ta.

Inda muke ganin ana asara shi ne wajen shuka. A Damagaram da ƙasar Manga galibi ƙwallo ake shukawa, alhali kusan rabin abin da ya tsiro maza ne, kuma ba a gane su sai sun yi huda, bayan shekara 5 ko fiye ana ba su ruwa. Wanda ya ciro ɗan da ya fito a gindin uwa mai kyau ya dasa, ya san mace ya dasa, irin uwar kuma zai ci.

A can kudun dabino kan yi huda sau biyu a shekara, amma wanda nunarsa ta faɗo cikin damina laima kan ruɓar da shi, dole a sayar da shi ɗanye da araha.