Jini Yana Ba Da Labarin Huhu

Ya ku malamai da fatake, ku sani da annobar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, likitoci sun riƙa ɗaukar hoton huhun majinyata yanki-yanki da na'ura. Lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa, domin iska ce a cikinsa; wanda ya kamu kuwa, sai a ga fari-fari kamar hazo. Da aka auna jini, aka tarar galibi in hazon ya yaɗu, wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta sun ragu, sinadarin da hanta ke fitarwa lokacin kumburi kuwa ya hau. Na'urar nan tsada gare ta, ba kowane asibiti ke da ita ba. Awon jini ya fi sauƙin samu, yakan taimaki likita ya gane wanda za a gaggauta kaiwa babban asibiti, ko da yana zaune yana hira.