Bayani A Kan Tauye Mudu A Cinikin Cakulan Na Turawa

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, ga wani al'amari daga kasuwannin Turai da ya kamata mu lura da shi.

Mu masu awon hatsi mun san mutumin da kan bubbuge gindin mudu ya shige ciki. Baki na nan da faɗinsa, kuɗi na nan yadda yake, amma gero ya ragu. To, masu yin cakulan, wato alewar nan ta koko, su ma sun iya wannan dabara, sai dai su kwali ne mudunsu.

A shekarar 2016, a Ingila, kamfanin Mondelez ya rage sandar Toblerone mai giram 170 ta koma 150, mai 400 kuwa ta koma 360. Ita wannan alewa a jere take kamar haƙoran zarto. Sai aka buɗa giɓin da ke tsakanin haƙoran, tsawon kwali bai canza ba. Mai saye ba ya ganewa sai ya ɓare. Mutane suka yi ca, har a 2018 aka mai da tsohon fasalin.

A Jamus kuma, a 2025, kamfanin nan dai ya rage Milka daga giram 100 zuwa 90, kuɗinta ya tashi daga Yuro 1.49 zuwa 1.99. Ku yi lissafin da kanku. A ido ƙarin sulusi ne. In aka bi ta nauyi kuwa, ya kai kashi 48 cikin ɗari, wato kusan rabi. Nan fa zancen yake: ragin awo ƙarin kuɗi ne, ɓoye shi kawai aka yi.

Hujjarsu kullum ita ce tsadar kayan haɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddebuwa da Gana yake fitowa. Cutar itace da rikicewar damina sun taɓa gonakinsu, har tan ɗaya ya haura dala 10,000 a 2024. Mu ma in buhu ya hau a Dawanau ai mukan ƙara wa tiya kuɗi, amma a fili, mai saye na ji yana gani. Sukan ce ai nauyin na rubuce a jikin takarda. Haka ne, to amma wa ke tsayawa karanta abin da ya saba saye shekara da shekaru? Shi ya sa a 2024 hukumar Faransa ta wajabta wa manyan kantuna su liƙa sanarwa har wata biyu a kan kayan da aka rage wa awo kuɗinsa bai sauka ba.

Saboda haka, mai saro kaya katan-katan, cakulan ne ko madara ko sabulu, ka duba giram kafin ka biya, ka gwada da na sarin baya, ka raba kuɗi da nauyi. In ya ragu, ka faɗa wa mai saye da bakinka. Shi bai san mai kamfani ba, kai ya sani, kai zai kira macuci.

Wanda ya yi allo ya san Suratul Muɗaffifina, ya kuma san abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu. Allah ya tsare mana mudunmu, amin.