Tiyatar Kafaɗa: Shin Dole Ne A Kwance Jijiya?

A kasuwannin iyaka irin su Ɗan Issa da Birnin Ƙonni, kafaɗa ita ce jarin mai ɗaukar buhu. Mun sha ganin ƴan dako da ƴan kasuwa da shekaru suka fara ja, hannu ya ƙi ɗaguwa sama, dare ya yi zogi ya hana barci. Sau da yawa ba targaɗe ba ne, ba kuma gocewar ƙashi ba, shi ya sa mai ɗori kan yi ta fama a banza. Tsokoki 4 ne ke riƙe da kan ƙashin dantse a gurbinsa, agarar da ta ɗaure su da ƙashi ita ce ke yagewa.

Idan yagewar ta yi girma, tsoka kan ja da baya ta ɗame wata jijiya mai kai saƙon motsi ga biyu daga cikin tsokokin nan. Jijiyar na ratsawa ta wani ɗan gurbi a saman allon kafaɗa, ƙarƙashin wani zare mai tauri, wuri matsattse ainun. Don haka wasu likitoci suka ce tunda an shiga ɗinki, gara a yanke zaren jijiya ta sake. A 2007 wani likitan Faransa, Laurent Lafosse, ya bayyana yadda ake yin haka da ƴar kyamara ta ƙananan huda.

To, amma kowa ne ke bukata? A wannan shekarar dai likitoci a Amurka suka nuna cewa jijiyar kan farfaɗo da kanta da zarar an maida agara wurinta. A 2021 kuma aka gwada a Girka: wasu majiyata ɗinki kaɗai, wasu ɗinki da kwance jijiya, ba a ga bambancin a zo a gani ba wajen amfani da hannu. Inda aikin ke da hujja sosai shi ne idan wani abu dabam, kamar ƙullutu mai ruwa, ke danne jijiyar.

A ganinmu, wanda aka ce za a ƙara masa wannan aiki, da kuɗinsa a kai, ya tambayi likita me hoton MRI da gwajin lantarki na jijiya suka nuna. Ya kuma nemi mai tsare masa rumfa tun da wuri: hannu zai kai kimanin mako 6 a rataye, ɗaga buhu kuwa sai wajen wata 6.