Wayoyi Biyu Masu Jin Zafi

Jama'a, mai kunna murhun gas a Ingila ya san sau da yawa sai ya danne maɓallin na 'yan daƙiƙu, in ya yi saurin saki wutar ta mutu. Wani ɗan tsinken ƙarfe da ke gefen wutar ne ake jira ya ɗau zafi. Sunansa tamokoful, kuma ba komai ba ne illa wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu.

Bajamushe Thomas Seebeck ne ya gano sirrin a 1821: in mahaɗar ta fi ɗaya ƙarshen wayoyin zafi, ɗan ƙarfin lantarki na fitowa. Ɗan mitsitsi ne fa. Nau'in K, na kromel da alumel, wajen maikrobolt 41 yake bayarwa a kowane digiri.

Haɗa shi ba wuya. Ka fere bakin wayoyin, ka murɗe su tam, ka yi musu ɗigon walda, shi ke nan. Wahalar tana wajen saiti, domin shi wannan abu bambancin zafi tsakanin ƙarshensa biyu kawai ya sani. In ɗakinka ya ɗumama, lissafi ya canza. Shi ya sa ɗaya ƙarshen, inda aka jona wayoyin mita, ake tsoma shi cikin dakakkiyar ƙanƙara mai ɗan ruwa kaɗan, ya zauna a digiri 0. Ƙanƙara biyu suna yawo a kofin ruwa ba za su yi ba, malam.

Daga nan ka sa mahaɗar a tafasasshen ruwa, kar ta taɓa gindin tukunya. A digiri 100 ya kamata ka ga milibolt 4.096. To amma wa ya ce ruwanka ya kai 100? A Landan dai kusan haka ne. A Denver, mai tsayin mita 1,600, a wajen 95 yake tafasa, a Jos kuma 96. Wanda ya rubuta 100 a can, duk awon da zai yi nan gaba da kuskure a ciki.

Ka kuma duba mitarka. Mai araha da ke tsayawa a milibolt 0.1, taki ɗaya nata ya fi digiri 2.