Kafin ka ɗora bidiyon jif ɗinka, ka san man da ke cikin injinta?

Duk mai leƙa TikTok da Facebook a lokacin Sallah ko ɗaurin aure ya saba ganin bidiyon: jerin jif-jif sun biyo hanyar Wudil sun nufi Gaya, wasu sun zarce Ajingi, an wanke su tas, kiɗa na tashi, matashi ya saƙalo hannu ta taga. RAV4, Highlander, Lexus RX 350, CR-V, kai har da Prado. Yawancinsu 'yan Kwatano ne, sun sha aiki a Amurka ko Kanada kafin su iso nan. Wasu na matasan ne, wasu na Alhaji ne ko na yaya, amma mukulli na hannun yaro.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne lita huɗu zuwa shida na baƙin mai da ke zagaya cikin injin. Shi ne ke riƙe da ran motar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin juye ya tashi, masu mota da yawa suka koma jan lokaci ko neman mai na araha. To amma kuɗin injin V6 guda a kasuwar Ƙofar Ruwa ya isa a yi juye na shekaru. Kuma idan motar ba taka ba ce, ranar da injin ya buga, amana ce ta zube a hannunka.

Injin yanzu ba Fijo ba ne

Da yawa daga cikin manyan makanikanmu sun koyi aiki ne a kan Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko kuma sun koya a hannun waɗanda suka koya a kanta. Wancan injin yana ɗaukar mai mai kauri irin 20W-50 lafiya lau. Daga nan ne maganar da kowa ya haddace ta samo asali, cewa ƙasarmu akwai zafi, mai tsinkakke ba ya jure wa, sai mai kauri.

Injin zamani an ƙera shi daban. Tsakanin ƙarafunansa a matse yake, hanyoyin da mai ke bi kuma ƙanana ne. Akwai tsarin da Toyota ke kira VVT-i, Honda kuma i-VTEC, wanda ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul, kuma da matsin baƙin mai yake aiki. Idan man ya yi kauri fiye da yadda aka tsara, yana jinkirin isa saman injin a lokacin da aka tayar da mota da safe, alhali a waɗannan daƙiƙun ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ga kuma ƙarin shan fetur.

Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. A 0W-20, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu idan injin ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. Injin da ke da lafiya, ko a Kanada yake ko a Ajingi a tsakiyar watan Afrilu, kusan zafi ɗaya yake aiki da shi, domin lagireto da na'urar daidaita zafi ne ke riƙe da shi a wajen digiri 90. Don haka zafin garinmu shi kaɗai bai isa hujjar tsallakawa daga 0W-20 zuwa 20W-50 ba.

Amsar tana rubuce a kan murfin da ake zuba mai, ko a littafin motar. Idan littafin ya ɓata tun a tashar jirgin ruwa, ana samunsa kyauta a shafin kamfanin a intanet, da sunan mota da shekararta. RAV4 mai injin 2.5 ta 2013 zuwa 2018 tana shan 0W-20, kimanin lita 4.4 idan an canja filta. Ta 2019 ma 0W-16 take nema. Highlander da RX 350 masu injin V6 3.5 na shekarun 2008 zuwa 2015 suna ɗaukar kusan lita 6.1. Littafin Toyota da kansa ya ce mai da ya ɗan fi kauri zai iya dacewa da motar da ke gudu sosai ko ɗaukar kaya masu nauyi, shi ya sa wasu ke komawa 5W-30 ga motar da ta tsufa. Wannan taki ɗaya ne. A duba jikin galan kuma a ga alamar API, da SN ko SP a gabanta.

Ƙurar hunturu na rage kwanan mai

Za ka ga ana yaɗawa a intanet cewa man zamani yana kai mil 10,000 ko shekara guda. Gaskiya ne Toyota ta faɗi haka ga motocinta na Amurka masu shan 0W-20 na roba, wato wanda aka sarrafa a masana'anta. Amma a shafin dai, ta ce motar da ke yawan bin hanyar ƙasa mai ƙura, ko jan kaya, ko daɗewa a kunne tana tsaye, a yi mata juye duk mil 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.

Yanzu ka duba rayuwar jif a wannan yanki. Da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Gaya, ko na Ajingi da ke bakin iyakar Jigawa, burji ne da rairayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne. Lokacin kaka ana loda mata buhunan gero da gyaɗa. A wurin biki ana barin ta a kunne awa guda saboda iyakwandishan. Duk sharuɗɗan da kamfanin ya lissafa, motarmu ta cika su. Lissafinmu kenan: mil 5,000 ko wata shida.

A nan akwai wani tarko. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, ta Kanada ko Turai kuma galibi da kilomita. Mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Ka san da wanne taka ke lissafi kafin a rubuta maka ranar juye na gaba.

Kada launi ya ruɗe ka. Mai ya yi baƙi ba ya nufin ya mutu, aikinsa ne ya kwashi datti. Murza shi a yatsa ma ba gwaji ba ne. Abin tsoro shi ne ka zaro ma'aunin ka ga man ya koma kamar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, sai gareji. Fitilar MAINT REQD kuwa ƙirga mil kawai take yi, ba ta san ingancin man ba. Amma jar fitilar nan mai kama da buta, idan ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe mota nan take, ko da saura kilomita biyu ka isa gida.

Ka tsaya a kan motarka

Ba dole ka iya juye da kanka ba, amma ya kamata ka san yadda ake yin sa daidai. Ana ɗan ɗumama injin na 'yan mintuna don man ya saki, a ajiye motar a wuri mai daidai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, balle a kan rairayi. A sa mata abin tokare mai ƙarfi ko a hau rami. A kwance notin da ke ƙarƙashin injin, a bar man ya tsiyaye sosai. A sa sabuwar washa, a ɗaure daidai. Toyota ta ƙayyade ƙarfin ɗaurin, kuma yaron gareji da ya taka sifana da ƙafa zai iya cinye zaren kaskon gaba ɗaya.

Sai filta. Da yawa daga jif-jif ɗin Toyota da Lexus na shekarun nan ba gwangwanin nan da aka saba suke da shi ba. Takarda ce ake zarewa daga cikin wani murfi, a sa sabuwa, tare da sababbin robobin zobe da ke zuwa a cikin kwalinta. A shafa musu ɗan mai kafin a mayar. Murfin yana da nasa mabuɗi. Guduma da kurfi fasa shi suke yi. Idan kuma mai gwangwani ce, a tabbata robar tsohuwar ba ta maƙale a jikin injin ba, domin roba biyu a haɗe na iya zubar da man duka a hanya. Wanke tsohuwar filta da fetur a mayar, wannan kam ba juye ba ne.

A auna man da za a zuba, kada a juye galan duka don kar a yi asara. Mai da ya yi yawa kumfa yake yi, kuma yana matsa robobi su fara yoyo. A tayar da mota, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, a kashe, a jira minti biyar, a zaro ma'auni: man ya tsaya tsakanin ɗigo biyun. A buɗe filtar iska ma a duba, don ita ce ke tare ƙurar kafin ta shiga. Daga nan ka ɗauki hoton lambar tafiyar motar da galan ɗin, ka tura wa mai motar ta WhatsApp. Shaida ce gare ka.

Araha ba ta ado

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun man injin a kasuwannin Najeriya. Dabarar sananniya ce: a tara galan na manyan kamfanoni da aka yar, a ɗura musu wani mai, a liƙe. Ka saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ka duba hatimin murfi, kuma a buɗe galan ɗin a gabanka. Man da ake aunawa daga duro a kwalba, wanda ba a san sunansa ba balle lambarsa, bai dace da injin zamani ba. Idan farashi ya yi ƙasa da na kowa, ka tambayi kanka dalili. In an gama, ka huda galan ɗin kafin ka yar.

Tsohon man kuma kada a zubar da shi a ƙasa ko a kwata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A yankin da rijiya da famfon tuƙa-tuƙa ne abin dogaro, gona kuma na bayan gida, wannan magana ce ta kowa. Shafa shi a ƙurjin akuya ko na mutum ma haɗari ne. A tara shi a jarka mai murfi a bar wa masu saye.

Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka fara zama a Dutsen Dala suna neman tama. Sanin ƙarfe ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Jif-jif na ƙaruwa a garuruwanmu, kuma masu su da yawa har Kano suke kai su don juye kawai, saboda ba su yarda da na kusa ba. Matashin da ya koyi karanta littafin mota, ya mallaki mabuɗin filta da sifana mai auna ɗauri, yana rubuta wa kowane kwastoma ranar dawowarsa, ya samu sana'a a ƙofar gidansu. Kai kuma mai mukulli, gobe da safe kafin ka tayar da mota, buɗe bonet ka karanta abin da ke rubuce a kan murfin mai.