ƁATAN YARA: DALILANSA DA ABIN DA YA WAJABA A YI

GABATARWA

Duk mai sauraron rediyo a ƙasar nan ya saba jin filin cigiya. Akan ce ana cigiyar yaro ɗan shekara huɗu, baƙi ne, yana da tsage a kumatu, ya fita da shuɗiyar riga ba takalmi, wanda ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sau da yawa kafin a yi sallar isha an sami yaron, ashe 'yan kallo ya bi ya ɓace hanya, sai hankalin kowa ya kwanta. Amma akwai cigiyar da akan maimaita yau, a maimaita gobe, mako ya zama wata, wata ya zama shekara, har a daina sanarwa, maƙwabta su manta, a bar uwa ita kaɗai tana zabura duk sa'ad da aka taɓa ƙofa. Wanda ya rasu akan yi masa sutura, a yi zaman makoki, a dangana. Wanda ya ɓace kuwa ba a yin makokinsa, ba a kuma daina jiransa.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a yadda yara suke ɓacewa, da dalilan da suke sa a kasa gano waɗansu, da kuma abin da ya wajaba a yi. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, abu biyu suke taimakawa a gano yaro, watau hanzarin kai rahoto da cikakken bayanin kamanninsa.

GIRMAN MATSALAR

A shekarar 2019 Kwamitin Red Cross na Duniya ya bayyana cewa mutane kusan 22,000 ne aka rubuta masa sunayensu a Nijeriya a kan sun ɓace, kuma babu ƙasar da yake da cigiya mai yawan wannan a duk duniya a lokacin. Wajen kashi 60 cikin ɗari yara ne sa'ad da suka ɓace. A shekarar 2022 adadin ya haura 25,000, kusan 14,000 daga ciki yara. Galibinsu rikicin arewa maso gabas ne ya raba su da iyayensu, kuma waɗanda danginsu suka kai suna ne kaɗai aka ƙidaya.

Duniya ta san labarin 'yan mata 276 da aka kwashe daga makarantar Chibok a Jihar Borno a daren 14 ga Afrilu, 2014. Waɗansu sun kuɓuta da kansu, an sako 21 a watan Oktoba 2016, aka sake sako 82 a watan Mayu 2017, amma da aka cika shekara goma a 2024, fiye da 80 ba su dawo gida ba. Haka kuma an kwashe 'yan mata 110 a Dapchi ta Jihar Yobe ranar 19 ga Fabrairu, 2018. Irin waɗannan manyan al'amura su ne jaridu suke bugawa. Amma yaron da aka ɗauke shi kaɗai a bakin layi, ba mai jin labarinsa sai 'yan unguwarsu, alhali kuwa zafin da iyayensa suke ji ɗaya ne.

HANYOYIN DA YARA SUKE ƁACEWA

Na farko, ɓatan hanya. Wannan ya fi aukuwa a wuraren cunkoso, kamar kasuwa da tasha da filin idi da wajen hawan salla da taron biki, inda kowa yake zaton yaron yana hannun wani.

Na biyu, rabuwa wajen gudun hijira. Idan aka kai wa ƙauye hari da dare, iyali sukan watse, uwa ta yi gabas, ɗa ya yi arewa. Da yawa sun tsallaka zuwa Nijar ko Chadi ko Kamaru ba tare da sanin inda saura suka nufa ba.

Na uku, sata domin sayarwa. Akwai miyagun mutane da suka mai da wannan sana'a, sukan yaudari ƙananan yara da alewa ko biskit, su kai su jiha mai nisa su sayar wa masu neman 'ya'ya ko masu neman 'yan aiki.

Na huɗu, garkuwa domin kuɗin fansa. A nan sau da yawa akwai hannun wanda yaron ya sani, ya kuma yarda da shi. A watan Disamba 2021 an sace wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano, bincike ya nuna mai makarantar da take karatu ne ya ɗauke ta ya kashe ta, kotu kuwa ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli 2022.

Na biyar, miƙa yaro ba tare da bibiya ba. Akan ba dillaliya yarinya ta kai ta aikatau birni, iyaye ba su san gidan ba, ba su san sunan mai gidan ba. Akan tura yaro almajiranci gari mai nisa, a shekara ba a leƙa shi ba. Akan ɗora wa yaro talla ya shiga lungu da saƙo shi kaɗai. Yaron nan ɗan shekara 11 da aka kashe a Owerri a watan Satumba 1996, wanda mutuwarsa ta jawo tarzoma a garin, tallan gyaɗa ya fita aka kira shi kamar za a saya.

Na shida, gudu daga gida saboda duka, ko yunwa, ko auren dole. Yaron da ya gudu da ƙafarsa shi ma ɓatacce ne, kuma shi ya fi saurin faɗawa hannun macuta.

ABIN DA YAKE SA A KASA GANO WAƊANSU

Dalili na farko shi ne jinkiri. Mutane da yawa sun ɗauka sai an cika sa'a 24 kafin a kai wa 'yan sanda rahoto. Wannan kuskure ne babba. Babu dokar da ta ce a jira. Hasali ma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 cewa ta yi wanda ya san wani da ke ƙarƙashin kulawarsa ya ɓace, ya sanar da 'yan sanda cikin sa'a 24. Motar da ta tashi daga Kano da hantsi, kafin dare ta wuce Abuja. Ke nan yayin da iyaye suke zagaya gidajen dangi suna tambaya, ɓarawo ya riga ya tsallake jiha biyu ko uku.

Na biyu shi ne rashin bayani. Akan je caji ofis ba hoton yaro, ba takardar haihuwa, a tambayi uba irin kayan da ke jikin ɗansa ya kasa faɗi. Ɗan sanda ba zai iya neman wanda ba a siffanta masa ba.

Na uku shi ne mantuwar ƙuruciya. Yaro ɗan shekara biyu ko uku bai san sunan garinsu ba, bai san sunan mahaifinsa na yanka ba, Baba kawai ya sani. In aka canza masa suna, aka yi masa magana da wani harshe, cikin ɗan lokaci sai nasa ya gushe. Kamanninsa ma sukan sauya da girma.

Na huɗu shi ne shiru. Waɗansu kan ɓoye ɓatan ɗiyarsu don gudun abin kunya. Waɗansu kan kashe lokaci da dukiya wajen 'yan duba da bokaye. Maƙwabta kuma kan ga baƙon yaro ya bayyana a gidan da ba a yi ciki ba, ba a yi suna ba, su ce ba ruwansu.

DARASI DAGA KANO DA ONITSHA

A watan Oktoba 2019 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ba da sanarwar gano yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su Onitsha ta Jihar Anambra aka sayar. Waɗansu sun shekara da shekaru a can. An canza musu suna da addini, akwai kuma waɗanda Hausa ta ɓace musu ƙwarai, har sai da aka sha wahala kafin su saba da iyayensu. Gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike, kuma a watan Yuli 2021 Babbar Kotun Jihar ta yanke wa jagoran gungun ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa laifinsa.

Akwai darussa uku a nan. Ɗaya, yaron da ya daɗe da ɓata yana iya kasancewa da rai, saboda haka bai kamata a daina cigiya ba. Biyu, rahoton da aka rubuta a wurin hukuma shi ne yake sa a san iyayen da za a kira ranar da aka kama ɓarawo. Uku, laifi na mai shi ne, ba na ƙabilarsa ko addininsa ba. Ana satar yara a kudu, ana yi a arewa, kuma ba a gano su sai hukumomin jihohi sun yi aiki tare.

ABIN DA ZA A YI IDAN YARO YA ƁACE

1. A fara duba gida da kewayensa nan take, musamman rijiya da kududdufi da kwalbati da ginin da ba a gama ba da motar da aka ajiye.

2. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba, a tabbata an rubuta shi a littafi, a kuma riƙe sunan jami'in da aka ba binciken. Ana iya kiran lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

3. A tafi da hoton yaron na kwanan nan. A faɗi shekarunsa da tsawonsa da launin fatarsa da kayan da ke jikinsa da harshen da yake ji, da duk wata alama, kamar tsage ko tabo ko wushirya ko tawadar Allah. A faɗi wurin da aka gan shi na ƙarshe, da lokacin, da wanda ya gan shi.

4. A raba aiki. Wani ya sanar da mai unguwa da dagaci, wani ya je tashoshin mota ya gaya wa shugabannin direbobi da 'yan kamasho, wani ya zagaya asibitoci, wani ya kai cigiya gidan rediyo da masallatai da coci-coci. Lalle a bar babba ɗaya a gida, ko yaron zai dawo.

5. In ana zaton sata ce, a sanar da Hukumar Hana Fataucin Mutane ta Ƙasa, watau NAPTIP, wadda aka kafa a 2003. Lambarta ta kyauta ita ce 627. Hukumar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Meta domin watsa cigiyar yaran da aka sace ga masu amfani da Facebook da Instagram da ke yankin da abin ya faru.

6. In rikici ne ya raba iyali, a je ofishin Red Cross a rubuta sunan yaron. Aikin sada iyalai kyauta suke yin sa, kuma yakan tsallaka iyakokin ƙasashe.

7. A yi hattara da 'yan damfara. Da zarar cigiya ta bazu, akan sami masu kira su ce yaron yana hannunsu, a aiko kuɗi. Duk irin wannan kira a gaya wa jami'in da ke bincike.

WANDA YA TSINCI YARO

Kada ya ajiye shi a gidansa, ko da niyyarsa ta alheri ce. Ya kai shi wurin mai unguwa ko 'yan sanda, su kuma su haɗa shi da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Kada a miƙa yaro ga duk wanda ya zo ya ce nasa ne sai da shaida a gaban hukuma. Inda aka yi jayayya, gwajin ƙwayar halitta da ake kira DNA yakan raba gardama. Mai son ɗaukar riƙon yaro kuwa ya bi ta ma'aikatar da ke kula da jin daɗin jama'a da kotu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Hana Fataucin Mutane ta 2015 sun haramta saye da sayar da yaro, ta biyun kuma ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 12 ba aikatau.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, a adana takardar. A ɗauki hoton yaro aƙalla sau ɗaya a shekara. Da zarar ya fara magana a koya masa cikakken sunansa da na mahaifinsa da sunan unguwarsu da garinsu, in ya ƙara wayo a haddace masa lambar waya. A nuna masa kada ya bi kowa, ko da ya san shi, sai da izinin iyayensa. Makarantun boko da na Islamiyya su san wanda yake zuwa ɗaukar kowane ɗalibi. Malaman tsangaya su rubuta sunayen almajiransu da garuruwansu, su riƙa ƙidaya su safe da dare. Direban da ya ga fasinja da yaron da ke ta kuka, ko wanda harshensu bai zo ɗaya ba, ya yi tambaya, in bai gamsu ba ya tsaya a shingen 'yan sanda.

GARGAƊI

An sha kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, don kawai wani ya yi ihun ɓarawon yara. Ɗaukar doka a hannu babban laifi ne. Ban da haka, in wanda aka kama ɓarawon ne da gaske, kashe shi ya rufe bakin da zai faɗi inda sauran yaran suke. A miƙa shi ga hukuma da ransa.

KAMMALAWA

An keɓe ranar 25 ga Mayu ta kowace shekara domin tunawa da yaran da suka ɓace a duniya. Asalinta wani yaro ne ɗan shekara 6 da ya fita zuwa makaranta a birnin New York na Amurka a wannan rana a 1979, ba a sake ganinsa ba. Ranar 30 ga Agusta kuma ta dukan mutanen da suka ɓace ce. Ana kira ga iyalan da suke da tsohuwar cigiya su koma ofishin da suka kai rahoto lokaci lokaci, su sabunta adireshi da lambar waya. Ana kuma roƙon duk wanda ya san wani abu game da yaron da ya ɓace, kome daɗewar abin, ya je ya faɗa wa hukuma. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, cigiyarsa ma haka.